Yadda Ake Farfaɗo da Tsohuwar Sikutar Wasa ta Shekarun 1980

A ƙarshen shekarun 1980, lokacin da wasan gwaninta da keken BMX ke ganiyarsa a Amurka, kamfanonin kekunan sun fito da wata irin sikuta da ake turawa da ƙafa. Sun ɗauki kan keke da fok, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, da burki irin na BMX, suka haɗa da faranti na tsayawa da ƙananan tayoyi masu iska, inci 12 ko 14. Babu sirdi, babu feda, babu sarƙa. Mongoose ta yi Miniscoot, GT ta yi Zoot Scoot, General ta yi Sidekick. Ita ce yayar 'yar ƙaramar nan ta alminiyam mai naɗewa wadda kamfanin Razor ya cika duniya da ita daga shekarar 2000, amma gininsu ba ɗaya ba ne. Yayin bai daɗe ba, kuma yara sun ci ƙaniyar yawancinsu, shi ya sa mai lafiya take wuyar samu yau.

Darajar irin wannan sikuta tana jikin kayanta na asali: fentin kamfani, sitika, marfin hannu, har notin da ke ɗauke da tambari. Mafi yawan ɓarnar da ake yi mata ba tsatsa ke yi ba, mai gyara ne da samfefa a hannu yana sauri ya ga ta yi ƙyalli.

Kafin ka taɓa sifana

Ɗauki hoto ta kowane ɓangare, aƙalla 20. Ka fi mayar da hankali kan hanyar da wayoyin burki suka bi, musamman ta baya wadda ke ratsa ƙarƙashin faranti, da jerin washa da noti a wuyan fok. Bayan sati 3 ba za ka tuna wanne ya riga wanne ba. Nemi lambar da aka buga a jikin firam ka rubuta ta. Sitika kuma ka ɗora rula a gefenta ka ɗauki hoto, ka auna nisanta daga walda mafi kusa, domin in ta lalace da wannan awon za a mayar da sabuwa gurbinta.

Sai wanka da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori. Kada ka watsa mata ruwan injin wanke mota, yana ɗaye sitika yana cusa ruwa cikin boris. Sau da yawa abin da ake zaton mataccen fenti ne, datti ne na shekara 30, yana fita sai ruwan hoda ko koren nan mai haske na zamanin ya bayyana.

Yanzu ne za ka yanke shawara, kuma a nan kaɗai: tsaftacewa za ka yi ka bar mata tabonta, ko sabon fenti? In fentin asali ya kai kashi 70 cikin 100, ka bar shi. Masu tara irin waɗannan kayan sun fi son mai ƙarzuwa da fentinta a kan wadda aka fesa jiya.

Kayan aiki

Sifana mai lamba 8, 9, 10, 13, 15 da 17, da babba ta 30 ko 32 don notin wuya. Siraran sifanu na 13 da 15 don kon, wato notin da boris ke gudu a kansa a cibiyar taya, waɗanda masu gyaran keke suka sani, domin sifana ta gari ba ta shiga wurin. Alanki daga 4 zuwa 6, gudumar roba, filaya mai yanka waya, kananzir, giris, man warware tsatsa, da ledoji da za ka riƙa zuba noti kana rubuta sunan wurin da suka fito. Wasu sassan awon inci ne. In alanki ya shiga yana rawa, ka tsaya ka nemo na inci, kada ka murɗa ka cinye ramin.

Kwancewa

Kwana ɗaya kafin aikin, ɗiga man warware tsatsa a kan kowane noti. Fara da wayoyin burki, sannan tayoyi, sannan faranti. Notin farantin su suka fi shan ruwa da ƙasa, kuma farantin yawanci roba ce da ta tsufa. In noti yana juyawa tare da ƙusarsa, riƙe kan ƙusar da filaya, kada ka ɓanɓare da sukundireba, robar za ta tsage ta gefen rami. Kada wuta ta kusanci wurin.

Marfin hannu kada ka yanka shi. Cusa siririn sukundireba a ƙarƙashinsa, zuba ruwan sabulu, ka murza, zai zame. Ko ya mutu ajiye shi, da shi za ka gane irin wanda za ka nema.

Wurin da ke tsayar da aiki shi ne wuyan da ke riƙe kan, wanda ke nutsewa cikin bututun fok. A ƙasansa akwai wani gunkin ƙarfe mai yankan karkace, shi ke cijewa idan an ɗaure dogon notin sama. Sassauta notin zagaye 3 ko 4, kada ka zare shi, ɗora katako a kai ka buga da guduma. Zai nutse, alamar gunkin ya saki. In notin mai rami ne a tsakiya, wanda wayar burkin gaba ke bi ta cikinsa, ka buga a hankali, domin bakinsa yana lotsewa kuma samun irinsa aiki ne.

In gunkin ya saki amma wuyan ya ƙi motsi, tsatsa ce ta haɗe su. Juya sikutar ƙafa sama, zuba mai ta ƙasan fok, bar shi kwana 2 ko 3 kana ƙarawa. Sannan matse kafaɗar fok tsakanin katako biyu, ka juya kan dama da hagu. Kada ka matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinka ka murɗa da ƙarfi kamar yadda ake daidaita kan keke, ƙafafun fok ne za su karkace tun wuyan bai ji komai ba.

Daga nan kwance notin wuya, zare fok a kan tire ko tsumma don kada boris su watse. Kofunan da boris ke zama a ciki, waɗanda ke cikin wuyan firam, ana fitar da su da sandar ƙarfe ta ciki, bugu kaɗan a dama, kaɗan a hagu, suna fitowa a miƙe. In ba fenti za ka yi ba kuma suna da lafiya, bar su a wurinsu.

Duba lafiyar firam

Wurare 3 ke karyewa: inda bututu ya haɗu da wuyan firam, gwiwar da ya lanƙwasa ya shiga ƙarƙashin faranti, da kunnuwan da ke riƙe tayar baya. Goge su tas ka haska da tocila. Siririn layi mai tsatsa a gefen walda, ko fenti da ya tattare kamar fatar tsoho, alamar ƙarfen ya motsa ne. Ƙasan firam kuma yana gogar ƙasa duk lokacin da aka hau dakali, saboda haka ka danna wurin da tsinin sukundireba. In ya lotsa, ƙarfen ya zama takarda. Girgiza firam ɗin kusa da kunnenka, in ka ji kamar yashi, tsatsa na ci ta ciki.

Bangon bututun bai fi milimita 1 da ɗan wani abu ba. Waldar lantarki ta mai ƙofa da taga huda shi za ta yi. Kai wa mai waldar agon, ko wanda ya iya ta gas da tagulla, kuma a yi walda kafin fenti.

Gwada miƙewa abu ne mai sauƙi tunda tayoyin girmansu ɗaya. Mayar da su na ɗan lokaci, miƙe kan, jingina miƙaƙƙen katako a gefensu. Ya kamata ya taɓa kowace taya a wuri 2. In ta baya ta kauce, duba ko zama ne ba ta yi daidai ba kafin ka zargi firam. Fok kuma ka dube shi ta gefe: saman ƙafafunsa ya bi layi ɗaya da bututunsa. In sun koma baya, an taɓa yin karo da bango.

Tsatsa

Abin da aka yi wa ruwan kurom, kamar kan da wasu fok, samfefa ba ta taɓa shi. Kurom ɗin siriri ne ƙwarai, kana gogewa ya tafi. Tsatsa mai sauƙi, dunƙule takardar alminiyam ta kicin, tsoma a ruwa ka goga. Za ka ga baƙin ruwa na fita, ɗigon tsatsar na ɓacewa.

Mai nauyi sai wankan asid ɗin oksalik, garin da ake wanke katako da shi. Babban cokali 1 a kowace lita 4 ta ruwa, cikin robar da za ta nutsar da kayan. A wanke maiƙo tukuna, domin asid ba ya ratsa giris. Bar shi awa 12 zuwa 24, kana gogawa da buroshi jefi-jefi. Kada ka ƙara gari don sauri, abin da za ka samu shi ne wani rawayan datti da ke manne wa ƙarfe, cire shi ya fi tsatsar wahala. In ka tsamo, ɗauraye da ruwan da aka kaɗa bekin soda, sannan ruwa zalla, ka shanya a rana nan take, ka fesa mai cikin bututun. Jiƙaƙƙen ƙarfe da aka bari yana sake yin ja cikin awa ɗaya. Sa safar hannu da tabarau, kuma ka nesanta ruwan da yara da dabbobi.

Alminiyam mai launi, kamar hannun burki shuɗi ko ja, ba ya shiga wannan wankan, launin zai kwaɓe. Sabulu kawai. Ƙananan notin ƙarfe kuwa kwana ɗaya cikin ruwan khal ya ishe su.

Ƙafafun roba

Yawancin waɗannan sikutoci suna da rim na roba mai ƙarfi, mai faffaɗan hannuwa maimakon sifok. Duba gindin kowane hannu da kewayen cibiya. Rim da ya tsage a nan ya gama aiki, sai dai ado, babu gam ɗin da zai riƙe shi ƙarƙashin mutum. Juya shi a kan shaf ɗinsa ka gani: rawar milimita 2 ko 3 ɗabi'arsu ce, ba a iya ɗaure su kamar na sifok.

Farin rim da farin faranti suna komawa rawaya saboda rana. Kada ka jiƙa su a bilic, yana cin robar ta yi gautsi. Abin da ke aiki shi ne kirim ɗin haidurojin ferokzaid na masu rina gashi, mai ƙarfin kashi 12 cikin 100. Shafa da kauri, naɗe da siririyar ledar abinci, ajiye a rana awa 3 zuwa 4 kana juyawa duk awa. In kirim ɗin ya bushe a wani wuri zai bar zane-zane, don haka ledar ta rufe ko'ina. Wannan na farar roba ne kaɗai, mai launi dabbare-dabbare za ta yi.

Cibiya kuma, kwance noti da kon ta gefe ɗaya kawai, ka bar ɗayan yadda yake don shaf ya koma tsakiyarsa. Ƙirga boris na kowane gefe kafin ka jefa su a kananzir. Sayi sababbi, ba su da tsada, amma ka tafi da tsoho a aljihu, domin na 3/16 da na 1/4 na inci ido yana ruɗewa da su. Bi hanyar da suke gudu a jikin kon da bakin biro, in ya tsaya a wani rami, kon ɗin ya ci. Cika kofi da giris, jera boris, ɗaure kon da yatsa har ya taɓa, sannan riƙe shi da siririyar sifana ka ɗaure notin a kansa. Daidai shi ne shaf ya juya sumul kuma ba ya kaɗawa gefe. Da wuya a samu a karon farko, sai an kwance an sake.

Taya

Rubutun inci yana yaudara, lambar milimita ce gaskiya. Tayar 12½ x 2¼ lambarta ta ƙare da 203, kuma ita ce ta ƙananan kekunan yara, saboda haka ba ta da wuyar samu wurin masu sayar da kayan keke. Ta inci 14 ta wannan layin 254 ce, amma akwai wasu masu suna inci 14 da suke 288 ko 298, ba za su hau ba. Karanta gefen tsohuwar kafin ka fita. Nemi tub mai lanƙwasasshen bawul, domin a ƙaramin rim bakin famfo ba ya samun wurin shiga.

Da ƙarfe ba a ɗaga taya a rim ɗin roba. Tura gefen tayar cikin kwarin tsakiyar rim ta ɗaya ɓangaren, shafa ruwan sabulu, sauran zai hau da babban yatsa. Ba ta iska kaɗan, duba ko ta zauna daidai kewaye, sannan ka kai 35 a ma'aunin PSI. Kada ka wuce 40 ko da tayar ta rubuta fiye, kuma kada ka kai wa mai faci ya sa mata injin mota. Tsohuwar roba tana buɗewa, tayar ta tsallake baki, tub ya fashe. In tayar asali tana nan, musamman fara ko mai launi, cire ta ka adana, ka hau da sabuwa.

Fenti

In na asali ka bari, goge shi da man goge fentin mota mai laushi, kana kewaye sitika, ka bi da kakin mota. Ƙananan ƙwarzane a ɗiga musu jan farce mai launin da ya dace, ko mai ruwan garau don hana tsatsa.

In sabo ne, nemo launin gaskiya a inda rana ba ta taɓa gani ba, ƙarƙashin faranti ko jikin bututun fok, ka kai a haɗa maka. Kankare tsohon da maganin cire fenti, bi da samfefa mai lamba 240 sannan 400, goge da tina, kada ka sake taɓawa da hannu. Rufe zaren fok, da mazaunin kon a kafaɗarsa, da cikin wuyan firam da tef. Fenti a waɗannan wurare yana hana kofuna zama. Fenti na ƙasa shafi 2, gogewa kaɗan da 600, launi shafi 3 sirara, minti 10 zuwa 15 tsakani, gwangwani na nesa da santimita 20 zuwa 25. Shafi mai kauri shi ke zubar da hawaye, shi ke kuma cike lambar firam. Lokacin hunturu ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin ka rufe taga, in ba haka ba ƙura za ta zauna a kai kamar gero. Fentin gari da ake gasawa ya fi ƙarko, amma ana gasa shi a zafin digiri 180 zuwa 200, don haka ko ɗigon roba kada ya rage a jiki.

Ba shi sati guda ya bushe. Sitika ana manna ta a jiƙe: fesa ruwa mai ɗigon sabulu, ɗora, gyara zamanta da awon da ka ɗauka tun farko, matse ruwan daga tsakiya zuwa baki da katin roba.

Haɗawa

Kofunan wuya ana matse su da doguwar ƙusa mai zare da manyan washa biyu, ɗaya bayan ɗaya, ba da guduma ba. In canji za ka yi, ka sani awon BMX na da daban yake da na sauran kekuna duk da sunansu ɗaya, inci 1: kofinsa milimita 32.7 ne, wuyan da ke shiga fok kuma 21.1, ba 22.2 ba. Shi 22.2 kaurin kan ne inda marfin hannu ke zama. Wannan ruɗanin ya sa mutane da yawa sayen abin da ba zai shiga ba.

In kan yana tsayawa cak a tsakiya kamar an sa masa maƙale, boris sun haƙa ramuka a kofi. Dabarar ita ce a jefar da kejin da ke riƙe su, a jera su sako-sako cikin giris, a cika a cire 1. Yawansu ya canza, ba za su sake faɗawa tsofaffin ramukan tare ba. Ɗaure har kaɗawa ta ɓace, gwajin kuwa shi ne ka riƙe burkin gaba ka tura gaba da baya. Shafa giris a wuyan da gunkinsa, kuma layin iyaka da aka zana a jikinsa ya nutse ciki.

Wayoyin burki sababbi za ka sa, da rigarsu, a launin da hoton ya nuna. Robar burki ma sabuwa, domin tsohuwa ta zama dutse, kuma ka nemi wadda aka yi don rim ɗin roba. Baƙar roba ta gari tana barin baƙin layi a farin rim. Tazara milimita 2 zuwa 3 kowane gefe, bakin gaba ya riga na baya taɓawa da kamar milimita 1, shi ke hana kuka.

Wasu suna da faifan nan a wuya da ke barin kan ya yi zagaye cikakke ba tare da waya ta naɗe ba, irin Gyro na kamfanin Odyssey da ya fito a 1986, ko Rotor na kamfanin ACS. A Gyro waya biyu ke sauka daga sama, biyu su ci gaba daga ƙasa. Daidaita notin wayoyin sama har faifan ya tsaya kamar milimita 1 sama da mazauninsa, a kwance sosai. Juya kan ka kalle shi. In yana rausaya sama da ƙasa, ɗayan wayoyin ya fi ɗan'uwansa tsauri, sassauta shi rabin zagaye ka sake juyawa. Ko an daidaita shi da kyau, burkin baya na waɗannan sikutoci ba mai kamu ba ne sosai, wayar doguwa ce kuma lanƙwasarta da yawa. Haka suka fito daga kamfani.

Farantin shi ne na ƙarshe. Sa faffaɗan washa, ɗaure notin a gicciye kaɗan-kaɗan, ka tsaya da zarar ya daina motsi. Marfin hannu a jiƙa cikinsa da sifirit a tura, ya kwana. Mai ko giris ba sa zuwa nan.

Gwajin farko a fili mai laushi, a hankali, minti 10. Sauko ka sake bin notin tayoyi da na wuya da na faranti, ka ja wayoyin burki domin sababbi suna miƙewa. Tsalle da dirowa daga dakali a bar wa sikutar zamani, rim ɗin da ya haura shekara 35 ba zai ba ka sanarwa ba kafin ya fashe. Duk abin da ka cire, har tsagaggen marfin hannu, zuba shi a kwali ɗaya tare da takardar da ta lissafa abin da aka canza. Ajiye sikutar a inuwa, a rataye, da rabin iska a tayoyin.